Nazarin lamari: kwashe takardun webil daga Lotus Notes zuwa fayil ɗin XML a wani kamfanin jigila na Apapa

Kamfanin da wannan nazari ya shafa mallakar wani Alhaji ne mutumin Kano wanda ya daɗe yana harkar tireloli a Legas. Ofishinsa yana Apapa, aikinsa kuwa ɗaukar kwantena da buhunan kaya daga tashoshin Apapa da Tin Can zuwa Arewa, ta hanyar Ibadan da Ilori da Jebba da Mokwa. Kowace tafiya tana da webil ɗinta, mai ɗauke da lambar mota, da sunan direba, da irin kayan, da ranar tashi da ranar isa, da inda za a sauke, da kuɗin da aka yi ciniki a kai. Shekara da shekaru ana shigar da waɗannan bayanai cikin wani rumbu na Lotus Notes, wanda wani ma'aikaci da ya bar wurin tuntuni ya kafa. Da Alhaji ya sayi sabuwar manhajar lissafi, sai masu ita suka ce ba za su taɓa tsohon rumbun ba, amma idan aka ba su bayanan a fayil ɗin XML bisa tsarin da suka rubuta, za su shigar da komai cikin yini guda. Ɗan ƙanen Alhaji, wanda ya karanta kimiyyar kwamfuta kuma yake riƙe da na'urorin ofishin, shi ya ɗauki aikin. Ni kuwa an kira ni ne daga Agege bayan an yi mako biyu fayil yana zuwa yana dawowa.

Wajibi ne a fara da fahimtar irin rumbun da ake magana a kai, domin daga nan yawancin wahalar ta taso. Notes ya fito a 1989, kamfanin IBM ya sayi Lotus a 1995, sannan a 2019 manhajar ta koma hannun kamfanin HCL na Indiya. Ba ya ajiye bayanai a tebur mai layuka da ginshiƙai kamar yadda akasarin rumbunan lissafi suke yi. Yana ajiye su ne takarda-takarda a cikin fayil mai ƙarewa da .nsf, kuma kowace takarda tana ɗauke da gurabenta na kanta, ba tare da an tilasta mata ta yi kama da 'yar'uwarta ba. Fom ɗin da ma'aikaci yake gani a allo tufafi ne kawai da ake sanya wa takardar lokacin buɗe ta. Idan aka sauya fom yau, aka ƙara gurbi ko aka canza wa wani suna, tsofaffin takardu suna nan yadda aka ajiye su, ba su san an yi wani sauyi ba. Shi kuwa XML, wanda hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta tabbatar da shi a Fabrairun 1998, halinsa akasin haka ne: rubutu ne tsantsa wanda ake kewaye kowane bayani da alamar buɗewa da ta rufewa, kamar <Direba> da </Direba>, kuma ƙa'idarsa ta ce duk manhajar da ta ci karo da kuskuren tsari ta tsaya, kada ta ci gaba da karatu kamar ba abin da ya faru.

Ɗan shirin da saurayin ya rubuta da LotusScript, harshen rubuta shiri a cikin Notes, bai wuce layi arba'in ba, kuma a ido babu laifi a cikinsa. Yana buɗe jerin webil ɗin da ma'aikata suke kallo kullum, ya ɗauki takarda ta farko, ya bi gurabenta ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da sunan kowane gurbi alama, ya zuba abin da ke cikinsa a tsakani, sannan ya wuce takarda ta gaba har jerin ya ƙare. Ya gwada shi da takardu goma na watan da ake ciki, ya ga sun fito tsaf, ya sake shi kan dukkan rumbun.

Kurakuran farko masu hayaniya ne, kuma ba su ɗauki lokaci ba. Notes yana saka wa kowace takarda wasu gurabe nasa na cikin gida masu farawa da alamar dala, irin su $UpdatedBy da $Revisions, alhali XML bai yarda sunan alama ya ƙunshi wannan alamar ba, kamar yadda bai yarda ya fara da lamba ko ya zo da tazara a tsakiya ba. Sai kuma sunayen 'yan kasuwa masu ɗauke da alamar &, wadda ta cika allunan shaguna daga Idumota har Kantin Kwari, ita kuwa a XML tana nufin farkon wata lamba ta musamman, don haka dole a rubuta ta &amp; kafin a karɓe ta. Haruffa biyar ne ke da irin wannan mayafi, wato & da < da > da alamun zance guda biyu. Saurayin ya gano wannan da kansa, sai dai ya yi musanyar a baibai: ya fara mayar da < zuwa &lt;, daga baya ya bi ya musanya &, sai ya lalata abin da ya riga ya gyara, ya koma &amp;lt;. Alamar & ake fara musanyawa, sauran su biyo baya. Akwai kuma wani harafi da ba a gani, mai lamba 11, wanda Word ke sakawa idan mutum ya danna Shift da Enter, ya shigo cikin wasu takardu ta hanyar kwafe da liƙe. XML 1.0 bai yarda da irin waɗannan haruffan sarrafawa ba in ban da guda uku, masu lamba 9 da 10 da 13, kuma ko mayafi aka yi musu ba ya karɓa, sai dai a cire su.

Kuskuren da ya sa aka kira ni shi ne wanda ya tsaya a kan wani webil na kayan da za a sauke a ’Yankaba. Manhajar da ke karanta fayil ɗin ta ce layin ba UTF-8 ba ne, wato tsarin adana haruffa mai ɗaukar kusan kowane harshe, alhali saurayin ya rubuta encoding="UTF-8" a saman fayil ɗin da hannunsa. Ya ce mini, "Yallaɓai, ai na gaya masa UTF-8 ne." Na ce masa faɗa daban, aikatawa daban. Umarnin Open da Print na LotusScript, idan ba a ambata musu tsarin haruffa ba, suna rubutu ne da tsarin kwamfutar da suke kai, wanda a Windows ɗin Ingilishi shi ne Windows-1252. A wannan tsarin lanƙwasasshiyar waƙafin sama ta ’Yankaba bayit ɗaya ce, wato ƙwayar bayani guda a kwamfuta, mai lamba 0x92, kuma a UTF-8 babu harafin da yake farawa da wannan bayit. Wato fayil ɗin yana sanye da rigar da ba tasa ba.

A ganina wannan waƙafi ta yi wa kamfanin babban alheri, domin da na buɗe fayil ɗin in duba ta, sai idona ya faɗa kan abin da babu manhajar da ta yi ƙorafi a kansa. Kayan ƙarfe da za a kai Ƙofar Ruwa sun koma "?arfe" da "?ofar Ruwa", Ɗambatta ta koma "?ambatta", alamar naira ta ₦ ita ma ta zama alamar tambaya. Windows-1252 an yi shi ne don harsunan Yammacin Turai, babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinsa, babu kuma ₦. Notes kansa ya adana su daidai, domin yana da nasa tsarin na ciki mai suna LMBCS wanda ke ɗaukar haruffan harsuna da yawa. A bakin ƙofar fita aka yi asararsu, kuma da yake alamar tambaya halastaccen harafi ce, fayil ɗin zai wuce kowane gwaji da ita. Da a ce babu wannan webil na ’Yankaba da 'yan'uwansa, da an shigar da sunaye masu rauni cikin sabuwar manhajar, kuma da an kashe tsohuwar uwar garken babu mai iya cewa alamar tambayar nan ƙ ce ko ɗ sai da zato. Maganin bai fi layi biyu ba: a buɗe fayil ɗin da NotesStream, wata hanyar rubuta fayil ta LotusScript, a ambata masa "UTF-8" a fili, yadda ƙ, mai lamba U+0199 a Unicode, za ta fita da bayit biyu, ₦ kuma, mai lamba U+20A6, da bayit uku.

Daga nan na daina amincewa da duk abin da ya wuce salin-alin, na roƙi akantan kamfanin, wani dattijo da ya fi kowa daɗewa a wurin, ya zauna tare da mu ya karanta abin da aka shigar a gwajin farko. Bai yi minti ashirin ba ya ɗago kai ya ce, "Malam, wannan tirelar ta isa Kano kusan wata takwas kafin ta bar Apapa." Webil ɗin ya nuna isa ranar 14 ga Maris, tashi kuma ranar 3 ga Nuwamba na shekarar. Abin da ya faru shi ne, saurayin ya yi aikin ne a kan wata kwamfutar hannu da aka sayo a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, wadda har yanzu take kan tsarin kwanan wata na Amurka, inda wata ke gaba da rana. Umarnin CStr yana mayar da kwanan wata rubutu ne bisa tsarin kwamfutar da yake kai, don haka 11 ga Maris ta fita a matsayin 03/11, sabuwar manhajar kuwa ta karanta ta yadda muke karantawa a Najeriya, 3 ga Nuwamba. Ranar isa ta fita 03/14, manhajar ta ƙi karɓa domin babu wata na 14, saurayin kuwa ya ƙara ɗan layi da ke juya duk kwanan watan da aka ƙi. Ya gyara masu ihu, ya bar masu shiru. Lissafin abin yana da sauƙi: a kowace shekara akwai ranaku 144 da lambarsu ba ta wuce 12 ba, 12 daga ciki rana da wata ɗaya ne don haka juyawa ba ta cutar da su, saura 132 kuwa, fiye da sulusin shekara, za su shiga a karkace ba tare da wani gargaɗi ba. A harkar da ake lissafin bashi da kuɗin jinkirin kwantena bisa kwanaki, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Muka koma tsarin ISO 8601, shekara sannan wata sannan rana, kamar 2022-03-11, muka kuma ciro shekarar da watan da ranar kowanne da umarninsa, don kada tsarin kwamfutar ya sake tsoma baki. Inda akwai lokaci muka liƙa masa +01:00, wanda shi ne agogon Najeriya duk shekara.

Matsala ta gaba ta shafi gurabe masu ɗauke da abu fiye da ɗaya. A Notes kusan kowane gurbi jeri ne, kuma umarnin GetItemValue jeri yake mayarwa ko da abu ɗaya ne a ciki. Al'adar masu rubuta LotusScript ita ce su ɗauki na farko, mai lamba sifiri, su wuce, kuma haka saurayin ya yi. Amma tirela mai ƙafa arba'in tana iya ɗaukar kwantena biyu masu ƙafa ashirin-ashirin, kuma kaya ɗaya ana iya sauke rabinsa a Kaduna, rabi a Dawanau. A duk irin wannan webil, kwantena ta biyu da masauki na biyu sun ɓace. Akwai hanyar da ke haɗa jerin duka cikin layi ɗaya ta raba da alamar waƙafi mai ruwa, amma ban so ta ba, domin ranar da wani adireshi ya zo da wannan alamar a cikinsa babu mai iya bambance rabuwa da rubutu. Muka sa kowace kwantena ta samu alamarta, <Kwantena> sau biyu a ƙarƙashin webil guda, wanda dama shi ne abin da tsarin masu sabuwar manhajar ya tanada.

Sai tarihin fom ɗin kansa, wanda babu inda aka rubuta shi sai a kan akanta. Don mu gan shi, na rubuta wani ɗan shiri dabam wanda ba ya fitar da komai, aikinsa kawai ya zagaya rumbun ya ƙirga sunan kowane gurbi, da nau'insa, da yawan takardun da yake ciki. Wannan ƙidayar ce ya kamata a fara da ita tun ranar farko. Ta nuna cewa sunan direba yana zaune a gurabe biyu masu suna daban, tsoho da sabo, kuma ɗan shirin farko, bayan an taƙaita shi ga guraben da ke fom na yanzu, sabon kawai yake nema. GetItemValue ba ya ƙorafi idan aka tambaye shi gurbin da babu, sai ya miƙo rubutu wayam, don haka tsofaffin tafiye-tafiye suka fita kamar motocin sun tuƙa kansu. Ta nuna kuma cewa gurbin kuɗi a da rubutu ne kafin a mayar da shi lamba, shi ya sa ake samun "N450,000" da "₦450,000" da "450k" a tsofaffin takardu. Gurbin lambar tikitin Eto kuwa babu shi ko kaɗan kafin 2021, kuma hakan daidai ne, domin a Fabrairun shekarar ne Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Najeriya ta fara wannan tsari na kiran manyan motoci zuwa tasha ta intanet. A nan muka bambance abu biyu da ɗan shirin farko ya cakuɗa: gurbin da babu shi a takarda, wanda ake ganewa da HasItem, ba ma rubuta masa alama sam, gurbin da yake nan amma ba a cike shi ba kuwa muna rubuta alamarsa wayam.

Ƙidayar ta tono wani abu kuma. Adadin webil ɗin da ke fayil bai kai adadin da ke rumbun ba. Jerin da ma'aikata suke kallo yana da sharaɗin zaɓe a bayansa, wanda ke ɓoye tafiye-tafiyen da aka soke, don haka bin jerin ba daidai yake da bin rumbun ba. Muka koma umarnin Search da sharaɗin sunan fom. Duk da haka lissafi bai cika ba, sai da muka lura cewa wasu takardu suna da gurbin masu izinin karatu, wanda idan sunanka ba ya ciki Notes ba ya ce maka an hana ka, takardar ce kawai ba za ka gani ba. Waɗannan na wasu manyan abokan ciniki ne da Alhaji ya keɓe farashinsu. Saurayin ya je ya ce, "Baffa, sai an yi aikin da sunanka, ko kuma ka ba ni izini." Alhaji ya zaɓi na farko, ya zo da kansa bayan sallar La'asar ya saka kalmar sirrinsa, ya zauna har aka gama. A ɗaya ɓangaren kuma akwai takardun da suka yi yawa: ofishin Apapa da na Kano kowanne yana da kwafin rumbun, suna daidaita juna, kuma idan mutum biyu suka gyara webil guda kafin a daidaita, Notes yana ajiye duka biyun, ya yi wa wanda ya sha kaye alamar $Conflict. Waɗannan muka ware su a fayil dabam, domin ɗan shiri ba shi da hurumin yanke hukuncin wane farashi ne gaskiya.

Mai karatu da ya san Notes zai tambaya me ya hana mu amfani da NotesDXLExporter, wanda tun fitowa ta 6 yake mayar da takarda XML da kansa, ba tare da matsalar & ko ta haruffa ba. Mun yi amfani da shi, amma don ajiya. Abin da yake fitarwa hoton takardar ne yadda Notes yake ganinta, da duk gurabensa na cikin gida, da hotunan da aka liƙa an mayar da su dogon rubutun Base64, kuma sai an sake sarrafa shi da XSLT, wani harshe na sauya fasalin XML, kafin ya dace da tsarin masu sabuwar manhajar. Babu wanda zai iya kula da XSLT a ofishin bayan tafiyata, LotusScript kuwa saurayin yana karanta shi. Muka fitar da kwafin DXL guda, wato irin XML ɗin da yake fitarwa, muka adana a faifai biyu, ɗaya a Apapa ɗaya a Kano, sannan muka ci gaba da namu.

Ɗan shiri na ƙarshe ya ninka na farko tsawo sau da yawa, kuma mafi yawan ƙarin ba fitar da bayani yake yi ba, bincike yake yi. Yana aiki da jerin gurabe da muka rubuta da hannu, kowanne da tsohon sunansa da sabo da sunan alamar da zai fita da ita. Yana liƙa wa kowane webil lambarsa ta asali ta Notes mai haruffa 32, don a iya komawa tushe idan gardama ta taso. Hotunan webil da aka liƙa yana ciro su zuwa wata jaka da ExtractFile, ya rubuta sunan fayil kawai a cikin XML. Yana rubuta kowace takarda cikin fayil da zarar ya gama da ita, maimakon tara komai a ƙwaƙwalwa, kuma yana raba aikin shekara-shekara, fayil guda ga kowace shekara. Mun gudanar da shi daga kwamfutar ofis maimakon uwar garke, domin a can akwai iyakar lokacin da ake ba ejan, wato ɗan shirin da ke gudana a cikin Notes, minti goma da rana da sha biyar da dare idan ba a sauya ba, ga kuma batun wuta, wanda ya sa muka jira aka tayar da janareta. Duk abin da bai gane ba, kamar "450k", ba ya yin zato a kai, yana rubuta lambar takardar a fayil ɗin ƙorafi ya bar wa mutum.

Gwajin ya kasance hawa uku. Da farko xmllint, wani ɗan shiri mai binciken XML, ya duba tsarin kowane fayil, ya kuma auna shi da fayil ɗin XSD na masu manhajar, wato fayil ɗin da suka rubuta tsarinsu a ciki. Na biyu, muka gwada adadin webil da jimillar kuɗin kowace shekara a Notes da abin da ke XML, muka kuma nemi duk tafiyar da ranar isarta ta riga ranar tashinta, da duk alamar tambayar da ta zo a farkon kalma. Na uku, akanta ya ciro takardun webil na ainihi daga kabad, waɗanda shi ya zaɓa ba mu ba, ya karanta muna dubawa a allo.

Saɓani ɗaya ya rage tsakanina da saurayin, kuma ban ce shi ne mai kuskure ba. A rumbun ana samun "Kofar Ruwa" da "K'ofar Ruwa" da "Ƙofar Ruwa", gwargwadon wanda ya buga da kuma allon da ya buga da shi, shi kuwa yana so ɗan shirin ya mayar da su duka ɗaya tun da ga dama ta samu. Ni na ƙi, domin idan aka haɗa kwashewa da gyara a aiki guda, ranar da lissafi ya saɓa ba za a san wanne ne ya jawo ba, kuma dokar da za ta mayar da kowace k zuwa ƙ za ta mayar da Kaduna abin da ba ita ba. Muka kai maganar gaban Alhaji, ya saurare mu duka, ya ce a kwashe yadda yake, gyaran sunaye kuma a yi shi daga baya a cikin sabuwar manhajar, akanta yana gani. Ya kuma ce kada a kashe tsohuwar uwar garken sai an rufe lissafin shekara, sai dai a hana kowa rubutu a cikinta. Ranar da na bar Apapa, fayilolin shekaru duka sun shiga, abin da ya rage a teburin akanta shi ne jerin takardun $Conflict da na ƙorafin kuɗi, yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana kiran ofishin Kano a waya kan waɗanda takardarsu ta ainihi take can.